Buhun Gida da Buhun Kasuwa

A siton maigidana na dā akwai wani lungu ta hannun dama in ka shiga, inda ake jingine buhu biyar ko shida na wake kowace kaka. Ba a rubuta komai a jikinsu ba, amma ko ɗan dakon da ya zo jiya ya san su. Buhun gida muke ce musu. Su ne ake kai wa iyalin Alhaji, ni ma daga cikinsu ake auna mini nawa. Ba a taɓa zuba musu magani ba. Sai dai a shanya su sosai, a juye a duro da busasshen barkono, a toshe baki. Shekara 11 ina wuce lungun nan safe da yamma, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalilin da ya sa wanda za mu ci yake daban da wanda za mu sayar ba.

Na zo kasuwar Dawanau a 2003, bayan na gama sakandare. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye ta wajen Bichi, shi ya kama hannuna ya damƙa wa Alhaji, ya ce ga amana nan. Da ɗinkin bakin buhu na fara, daga nan na koma ƙirga kaya in ana lodi, da Alhaji ya ga hannuna yana da kyau a rubutu kuma lissafina ba ya tashi, sai ya ba ni littafin sito. Tun daga ranar sunana ya ɓace, kowa Akawu yake kira na. Wanda bai taɓa shiga Dawanau da kaka ba zai yi wuya ya gane girman abin. Tireloli jere a hanyar Katsina, waken Nijar na shigowa ta Maigatari da Jibiya, daga Damagaram da Maraɗi, ga na Borno da Yobe, ga namu na gida. Masu saye kuwa daga Legas, Ibadan, Onica, har da na ƙasashen maƙwabta. Alhaji mutum ne mai kyauta, ba zan ɓoye wannan ba. Shi ya yi mini aure, shi ya biya kuɗin asibitin mahaifiyata har Allah ya karɓi abinsa. Ina faɗin haka ne don kada mai karatu ya zaci labarin wani mugu zan ba shi.

Sana'ar wake sana'ar jira ce. Kana saye da kaka, wajen Nuwamba da Disamba, lokacin da manomi ke neman kuɗi kuma kaya ya cika kasuwa, ka ajiye har damina ta sauka farashi ya tashi. Ribarka duk tana cikin watannin nan shida ko bakwai. To amma wake ba ya jira. Tun daga gona ƙwaron yake biyo shi, ya yi ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shiga ciki tana ci. In ka bar buhu haka nan, kafin wata uku ka sa hannu sai ka ji ɗumi, ka ɗebo ka ga huji ko'ina, ƙasan buhu duk gari. Mutumin da ya ci bashi ya cika sito da buhu dubu, ya tashi ya tarar da haka, ba riba kaɗai ya rasa ba, har uwar kuɗi ta tafi. Daga wannan tsoron maganar magani ta samo asali.

Akwai hanyar da aka yarda da ita. Ana jera buhunan a lulluɓe su da tamfol, a danne gefuna yadda iska ba za ta fita ba, a sa ƙwayar turare da muke kira bom a cikin ɗan faranti ko takarda, ba a cikin waken ba, a bar shi kusan mako guda, sannan a buɗe ya sha iska, a kwashe tokar ƙwayar a binne. Wannan yana buƙatar wanda ya iya, da tamfol marar huji, da haƙuri. Abin da muke yi ya fi sauƙi. Mu sayo fiya-fiya, wanda sinadarinsa ake kira dichlorvos ko DDVP, a dama da ruwa a bokiti, a baje waken a ƙasa, yara su yayyafa suna juyawa da shebur, wani lokaci da hannu, a mayar buhu a ɗinke. Maganin da aka yi don feshi a gona, shi muke zubawa kai tsaye a kan abin da mutum zai dafa ya ci. In lokacin sayarwa ya matso sai a sake shanya shi kwana biyu, warin ya ragu. Mun ɗauka in hanci bai ji ba, shi ke nan ya fita. A 2008 na ji a rediyo cewa ɗalibai mata fiye da ɗari a wata makarantar kwana a jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan sun ci wake, hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, kuma ta ce maganin ƙwari ne a ciki. Mun yi maganar a rumfa, muka ce ai waɗancan wani maganin ne daban, Gamalin, suka zuba, kuma sun cika hannu. Washegari muka ci gaba da namu.

A ƙarshen 2013 wani dillali ya haɗa Alhaji da wata mata 'yar Najeriya da ke da babban shagon sari a Landan, tana raba wa ƙananan shagunan abincin Afirka kaya. Jan wake take so, kwantena biyu, ɗaya bayan ɗaya. Murna a wurinmu ba a magana. Alhaji ya riga ya yi wa kasuwancinsa rajista a matsayin kamfani, sai muka ƙara da rajistar hukumar bunƙasa fitar da kaya ƙasashen waje, NEPC, muka cike takardar NXP a banki, wadda ke ɗaure ka cewa kuɗin kayan zai dawo ƙasa ta hannun banki cikin kwana 180. Da yake ni ne mai boko, duk takardun ta hannuna suka bi. A cikin yarjejeniyar da matar ta aiko akwai layi guda da ke cewa ba a yi amfani da wani maganin ƙwari a kan kayan ba in ban da turaren da aka amince da shi, kuma kayan sun dace da dokar abinci ta Tarayyar Turai. Na karanta wa Alhaji da Hausa. Ya ce, "Akawu, wannan ai al'adar takarda ce. Sa hannu." Na sa hannu a madadin kamfani, na buga hatimi.

Waken da muka ware mata mun riga mun yi masa fiya-fiya tun Disamba. Ranar da aka yi aikin ma akwai abin da ya faru wanda ya kamata ya tsayar da ni. Wani yaro ɗan dako, bai fi shekara 17 ba, shi ya yi ta damawa da juyawa tun hantsi a cikin sito, ƙofa a sakaye saboda iskar hunturu. Bayan azahar ya fito yana layi, gumi na zuba, yawu na dalala, ya yi amai ya faɗi. Ni na ɗauke shi a Adaidaita Sahu zuwa asibiti. Likitan ya ɗaga fatar idonsa ya nuna mini yadda baƙin idon ya tsuke kamar kan allura, ya tambaye ni abin da yaron ya taɓa. Da na faɗa masa, sai ya sa aka tuɓe masa kaya aka wanke jikinsa, suka yi ta yi masa allurar atropine har numfashinsa ya daidaita. Likitan ya ce mini, "Malam, wannan abin ta fata ma yana shiga. A kan me kuke zuba shi?" Na ce a sito muke feshi saboda ɓera da ƙwari. Ƙarya na yi masa. Yaron ya kwana uku ya tashi, na biya kuɗin asibiti na rubuta a littafi, aka ba shi wani abu kaɗan ya tafi garinsu. Ba wanda ya yi zancen diyya, shi ma bai san yana da wani haƙƙi da zai nema ba.

Kwantenar farko ta bar tashar jirgin ruwa ta Apapa da ke Legas a farkon 2014. Matar ta ba da kafin alƙalami, rabin kuɗi, sauran sai kaya ya isa. Bayan makonni sai ga wayarta da dare. Ban taɓa jin babbar mace tana kuka irin wannan a waya ba. Ta ce jami'an lafiya na tashar jirgin ruwa sun ɗebi samfuri sun kai ɗakin gwaji, an samu dichlorvos. Dokarsu ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kilo guda ba, namu ya ninka haka fiye da sau ɗari. An ba ta zaɓi biyu, ko a mayar da kayan ko a lalata su, kuma ko wanne aka yi ita za ta biya, ga kuɗin ajiya yana hawa kullum. Ta ce bashi ta ci a kan gidanta. Ta ce, "Kai ka sa hannu. Sunanka nake gani a nan." Ban iya ce mata komai ba sai haƙuri.

Alhaji ya tura ni wurin wani lauya a cikin gari. Na je da tunanin cewa tun da kamfani ne, ni ma'aikaci ne kawai, ba ruwana. Lauyan ya karanta takardun a natse, ya ce gaskiya ne a doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, kuma bashin karya yarjejeniya a kansa yake. Amma wanda ya sa hannu a kan magana alhali ya san ƙarya ce, don wani ya saki kuɗinsa, rigar kamfani ba ta rufe shi. Ya ce ga matar da za ta iya neman kuɗinta da asararta, ga banki da zai nemi bayanin kuɗin da bai dawo ba a kan NXP. Sannan ya tambaye ni, "Akwai sauran irin wannan waken a hannunku?" Na ce akwai na kwantena ta biyu da ƙari, buhu 412. Ya cire tabarau ya ce dokar abinci da magunguna ta Najeriya ita ma ta hana sayarwa ko ajiye abincin da ke da guba a jikinsa, ba sai Turai ba. Ya ce, "Bambancin kawai, can suna aunawa." Wallahi sai a ranar na san akwai irin wannan doka a ƙasarmu, ni da na shekara 11 ina sayar da abinci.

Na koma na faɗa wa Alhaji duk abin da lauya ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce matar za a biya ta, ko da a hankali ne, don ba ya son haƙƙin mace a wuyansa. Buhu 412 kuwa, a fitar da su. Ya ce, "Shekara nawa muna sayar da irinsa, wa ka ji ya mutu? Bature ne da tsirfa." Na ce, "Ranka ya daɗe," na yi shiru. Cikin kwana goma muka sayar. Mafi yawa tirela ta kwasa zuwa kudu, sauran 'yan sari na cikin gari suka ɗiba. Ni na rubuta rasit ɗin kowanne.

Akwai wata dattijuwa a layinmu, mijinta ya rasu, da tuyan ƙosai take riƙe marayu. Goggo muke ce mata. Ta ji ana cewa muna da jan wake da sauƙi, ta tare ni da asuba na dawo daga masallaci, ta ce, "Ɗan nan, ka taimaka mini da buhu biyu, in riƙa biya a hankali." Na sa aka kawo mata, har ina ganin na yi aikin lada. Bayan kamar mako guda, ranar Juma'a ce ban fita da wuri ba, ina zaune a tsakar gida sai ga 'yata, lokacin tana da shekara huɗu, ta shigo da ƙosai a takarda, tana ci tana hura hannu saboda zafi. Uwarta ta ce ai kullum daga wurin Goggo ake sayo musu na karin kumallo. Na fizge takardar daga hannunta da ƙarfin da ya sa ta fashe da kuka. Matata ta tsaya tana kallona, ta ce, "Lafiya, Malam?"

Yarinyar ba abin da ya same ta, alhamdu lillahi, kuma ba zan ƙara wa labarin gishiri in ce wani ya kwanta a layinmu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannuna. Hannun da ya rubuta rasit ɗin buhu 412 bai yi rawa ba, amma ƙosai guda a bakin 'yata ya sa ya zabura tun kafin in yi tunani. Ashe na sani. Duk maganar cewa wari ya fita, wanki yana cire shi, wuta tana kashe shi, ban taɓa yarda da ita ba har zuciyata, in ba haka ba da lungun buhun gida bai wanzu ba. Mun tanadi mai kyau ga iyalinmu saboda muna son su. Da mun san Bature zai auna, da mun tanadar masa mai kyau saboda muna tsoron asara. Wanda ya rage a tsakiya shi ne talakan da ba ɗanmu ba ne kuma ba shi da na'urar gwaji: mai ƙosai, mai alala, ɗalibin makarantar kwana, mai garau-garau a bakin tasha. Shi muka mayar juji.

A ranar na je wurin Goggo na faɗa mata gaskiya. Na kwashe abin da ya rage, buhu ɗaya da kusan rabi, na kawo mata daga rabona na buhun gida na cika da kuɗina. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "To waɗanda suka riga suka ci fa, ɗan nan?" Ban da amsa.

Na samu wani malami da nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba, na zayyana masa komai. Ya karanto mini hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa ya tura hannunsa ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Malam ya ce danshi ne fa kawai, wanda iyakarsa ya rage wa kaya daraja. Ina ga abin da zai taɓa lafiya? Ya ce tuba a kan haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi ko ya yafe, waɗanda ba ka san su ba kuma sai ka yawaita sadaka da nema musu alheri, ka kuma hana kanka komawa. Na tambaye shi matsayin wanda aka umarta. Ya ce alƙalami a hannun wa yake?

Na bar wurin Alhaji bayan sallar layya ta shekarar. Ba faɗa muka yi ba. Na durƙusa na ce masa ba zan iya sake rubuta kayan da aka yi wa fiya-fiya ba. Ya ce kowa haka yake yi, in na ce zan yi dabam yunwa za ta kore ni daga kasuwa. Duk da haka ya sallame ni da jari, ya sa mini albarka. Matar Landan an gama biyanta cikin shekara biyu, bisa sulhun da lauyoyi suka tsara ba tare da an je kotu ba, kuma na sa nawa kason a ciki ko da yake ba wanda ya tilasta ni.

A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya gaba ɗaya. Sun ce tun daga Janairun 2013 an samu rahoto fiye da 50 a kan wakenmu, kusan duka saboda dichlorvos, daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kilo. An ce na shekara guda ne, a 2016 aka ƙara shekara uku, a 2019 aka sake ƙarawa. Da na ji, na san kwantenarmu tana cikin lissafin. Akwai mutanen da suke fitar da wake mai tsabta, sun kashe kuɗi sun bi ƙa'ida, aka rufe ƙofa har da su. Waɗannan ma suna da haƙƙi a kanmu, kuma ba mu san fuskokinsu ba. A gida kuwa, a 2018, da hotunan bidiyo suka yaɗu na masu zuba maganin a wake, hukumomi suka fito da gargaɗi, a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben a kasuwanni da kantuna. A ganina hana kwalba bai isa ba. Muddin babu wanda zai zo sito ya ɗebi samfuri ya auna, ya kuma hukunta wanda aka kama, ɗan kasuwar da bashi ya shaƙe wa wuya zai nemo maganin duk inda yake. Kasuwa irin Dawanau ta cancanci ɗakin gwaji a cikinta, wanda mai buhu goma ma zai iya biya.

Yanzu ina da ɗan sitona. Buhun PICS nake amfani da shi, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru. Ka busar da wake sosai, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki ya shanye iskar da ta rage ya mutu, ba ko ɗigon magani. Yana da tsada a kan buhun da aka saba, ɗaurinsa yana cin lokaci, ɓera in ya huda shi aiki ya lalace, don haka dole ka ɗora kan katako ka tsare sito. Shekara biyun farko na sha wuya ƙwarai, don mai saye yana duba farashi ne, kuma na kusa da ni yana iya karya nasa ƙasa da nawa. Sannu a hankali masu dafa abincin sayarwa da wasu makarantu suka gane ni. Ina kuma haɗa riɗi ga masu fitarwa waje, kuma duk takardar da za ta ɗauki sa hannuna sai an kai samfuri gwaji na ga sakamako da idona. Yaran da ke mini aiki ba mai taɓa magani. In turare ya kama dole, mai lasisi nake kira. A sitona babu lungu. In matata ta aiko a kawo wake, daga buhun da ke buɗe a gaban mai saye ake auna mata.

Yaron nan ɗan dako na neme shi. Na je garinsu sau biyu, aka ce ya tafi ci-rani kudu, ba a san inda ya sauka ba. Na bar saƙo da abin da ya sawwaƙa a hannun mahaifiyarsa, na ce in ya dawo a gaya masa Akawu na Dawanau yana neman gafararsa.

Tsohon littafin siton yana wurina, Alhaji ya bar mini shi kafin ya rasu, Allah ya jiƙansa ya yafe mana baki ɗaya. Shafin watan Afrilun 2014 yana nan da rubutuna: lambar tirela, sunan direba, adadin buhu. Daga cikin 412, biyu kaɗai na san inda suka ƙare.